Duwatsun Masar da Mashigin Fassi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Shugaban wannan taro, wakilin Hakimi, Dagacinmu, Liman da malamai, Kansila, iyayenmu mata, jama'ar Fassi da baƙinmu na Unguwar Gai da Kibiya, assalamu alaikum.

Ni ne Gwadabe, malamin Islamiyya, kuma godiya ce ta tsayar da ni a bakin wannan mashigin rafi na dutse da muke buɗewa yau. Kun san dalilin aikin. Bara da damina rafin nan ya tafi da Sadiqa, 'yar Malam Ishiyaku, tana dawowa daga makaranta. Tun ranar iyaye suka hana yara ƙetarewa, ajina ya zama kango.

Duwatsu muna da su a bayan gari, amma wa zai ɗauko? Sai na ba ku labarin abin da na gani lokacin ina karatu a Masar, wato gine-ginen dala, kaburburan sarakunansu na dā. Da farin dutse mai laushi suka yi yawancin ginin, suna saransa a nan kusa, suna amfani da kayan aikin jan ƙarfe. Jan dutse mai tauri kuwa daga Aswan suke ɗauko shi a jirgi ta kogin Nilu. Ba su da injin, ba su da siminti irin namu. Dutse za su ɗora kan katako, su ɗaura igiya, su jiƙa yashin da ke gaba don ya yi santsi, su ja. Gini na tashi, suna tayar da gangaren ƙasa da tubali a jikinsa.

Godiyata ta farko ga Liman. Da wasu suka ce ba za su kwaikwayi aikin Fir'auna ba a zamanin Shari'a, cewa ya yi: "Girman kai ne ya halaka Fir'auna, ba igiya ba. Ku je ku ja!"

Ta biyu ga matasanmu da 'yan Hisba, waɗanda suka amsa gayya. Jin an ce ruwa, sai suka kwarara wa hanya garwa-garwa, aka manta ƙasarmu laka ce, ba yashin Masar ba. Katako ya nutse, dutse ya nutse, takalmin Kansila ma har yau ba a gan shi ba!

Ta uku ga Hajiya Jumai, wadda ta dube mu cikin taɓo ta ce: "Malam, yashin ne babu? Ga shi can cike da rafi." Mata suka yi ta ɗebo shi a kwanuka suna shimfiɗawa, aka yayyafa ruwa kaɗan, dutse ya taho.

Malam Ishiyaku, kai ban san da bakin da zan gode maka ba. Mun ce ka zauna a gida, ka ƙi. Kullum kai ne a gaban igiya, tafin hannunka na jini, kana cewa: "Tawa ta tafi, ta wani ba za ta tafi ba." Wallahi duk sanda na tuna, hawaye nake yi.

Masarawa sun tara duwatsu don mutum ɗaya da ya mutu. Ku kun tara naku don yaran da ke raye. Iyaye, gobe ku sako mana su, hanya ta samu.

Allah Ya jiƙan Sadiqa, Ya saka wa duk hannun da ya taɓa igiyar nan, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.