Batirin Jirgin Auta

A bencin ƙofar shagon mai gyaran kayan lantarki, wani dattijo ya rungume gwangwanin yashi, da batiri a binne ciki. Mutumin da ke gefensa ya leƙa.

"Baba, shuka shi ka yi?"

"Na jirgin wasan autata ne, mai rimot. Ya ƙi cika caji, ga shi jibi za ta tayar da jirgin a makarantarsu. Irinsa in ya fusata wuta yake kamawa, shi ya sa yashin."

"Ai caja ce ta lalace."

"Haka mai shagon nan ya ce mata jiya, har da dariya. Yarinya ta koma gida ta auna batirin da mita. Ɗaki uku ne a cikinsa, na tsakiya ya gaji. Ita kuwa caja ba ta yarda ta ɗura wa biyu ta bar ɗaya a baya ba. Laifi ne wannan?"

"To a sayi sabon batiri mana."

"Ta sa sabo tun safe, ya cika fal."

"Ikon Allah! To me ka zo yi?"

Dattijon ya gyara zaman hularsa.

"Na zo mai shagon ya auna da hannunsa, ɗana. Sannan ya faɗa da bakinsa wa ke da gaskiya."