Tururuwar da Gwaggo Ta Jefa a Nonon Ladi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ne Bitrus, mai noman albasa a gefen Watari. Ban iya kwana-kwana ba. Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, ungozomar gidanmu, ita ta hana ni kai ɗana asibiti har ya mutu, ta kuma ɗora wa matata Ladi laifin.

Sai da furfura ta fara fito mini muka samu cikin nan. Faya ta fashe tun da wuri, haihuwa ta ƙi zuwa, jikin Ladi zafi rau. Da yaron ya fito, washegari ya ƙi kama nono, sai nishi, jikinsa duk ya saki. Na ce a tafi asibiti.

Gwaggo ta tatsi nonon a ƙoƙo, ta jefa tururuwa. Tururuwa ta mutu.

Ta ce, "Ka gani? Mugun nono ne. Kuma ba a fita da jinjiri kafin suna. Kai namiji me ka sani? Ba mu wuri!"

Na ba su wuri. Suka yi ta ɗura masa jiƙo. Ko suna bai kai ba. Da hannuna na haƙa ramin, wayyo, ramin ko tsawon damtsena bai kai ba!

Ladi ta daina zuwa rijiya, don mata na nuna ta da baki. Ni kuwa na bar sujada, na koma gidan burukutu.

Da ta sake haihuwa, namiji kuma, ga nishin nan, ga ƙin nono, ga Gwaggo tafe da ƙoƙonta. Na zaga bayan rumbu na durƙusa, na ce, "Yesu, ka san fushi nake da kai. Amma kada ka bari in sake haƙa rami." Ina tashi, tsoron Gwaggo ya fita daga raina fit. Na ɗora uwa da ɗa a babur, Gwaggo tana ta ihu a bayanmu.

A asibiti nas ta duba shi, ta ce, "Baba, nono ba shi da laifi. Ƙwayoyin cuta ne daga jikin uwa ke shiga jinin jariri wajen haihuwa, ita kanta ba ta san tana ɗauke da su ba." Aka yi ta yi masa allura har ya warware. Ina murna, ina kuka, don na gane na farkon ma da allura zai iya tashi.

Ga yaron can, Ishaku, a bayan uwarsa. Godiya ga Ubangiji! Burukutu ma Ubangiji ya raba ni da shi. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kuma in jariri ya ƙi nono kada ku jira suna.

Ranar da aka sallame mu, ɗakin Gwaggo na fara shiga, yaron na hannuna. Na ce mata:

"Gwaggo, na yafe miki, don Yesu ya ce in yafe, ba don ya daina yi mini ciwo ba. Amma ki je bakin rijiya ki gaya wa matan nan nonon Ladi lafiyarsa ƙalau. Ga wanda yake sha."