Ɗiyata Hajo ta janye hannu daga kwano

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara basira. Ni uwa ce daga Jiga Birni, ga kukana.

Ɗiyata Hajo budurwa ce mai jiki tun haihuwa, alhali mu talakawa ne, noman albasa kawai muka dogara da shi. A makarantarsu ta Aliero akwai ɗiyar wani Alhaji mai irin jikinta. Ita ana ce mata 'yar hutu, tawa kuwa Buhun Albasa.

Da damina hatsinmu ya ƙare. Yara na cin tuwo a kwano ɗaya, sai gwaggonta ta ce, “Ke kike cinye rabon ƙannenki, ga shaida a jikinki.”

Daga ranar Hajo ta janye hannu. Ta bar makaranta, ta bar magana, sai kuka a bayan rumbu. Aka ce iska ce, muka yi ta hayaƙi. Ɗiyar Alhaji ko ciwon kai ta yi sai Sakkwato wurin likita.

Yanzu jikin da ya tsone musu ido ya zube, amma ɗiyata ba ta dawo ba. Jama'a, ku ba ni shawara: ina talaka ke kai wanda bakin mutane ya kayar?