Binegir da Ruwan Jabel: Abin da Ya Sami Basiratu

Mai girma shugaban wannan taro, masu unguwanni da limamai, ma'aikatan lafiya, iyayena mata da ƴan'uwana na Filinge, da waɗanda sunka taso tun daga Tabla da Damana, assalamu alaikum.

Ina gode muku da kunka ba ni dama. Sunana Zuwaira, yayar marigayiya Basiratu, wadda da yawanku kunka raka makwancinta a damanar bara.

Ga yadda abin ya faru. Magudanar makewayinta ta toshe. Ta ji a wani saƙon waya cewa binegir, ruwan tsamin nan na kwalba da ake sa wa salak, yana buɗe tiyo, sai ta zuba. Da ta ga ruwan bai wuce ba, ta ƙara da ruwan jabel, wanda ake faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta da shi, ƙofa kuma a rufe. Mai ciwon fuka ce tun ƙuruciya. Mijinta, Malam Haruna, ya same ta durƙushe, idanu jajir, tana cewa, "Malam, ƙirjina na ci da wuta." Da anka kai ta asibiti, likita ya ce, "Haɗin nan iska mai guba yake fitarwa, ta ƙone mata huhu." Anka tura ta babban asibiti a Yamai, a hanya ta cika. Ta bar ɗiya ukku, ƙaramar ko yaye ba a yi ba.

Don haka, na farko: kada a haɗa binegir da jabel. Kada a haɗa su a bokiti, kada a haɗa su a tiyo, kada a zuba wannan a bayan wancan.

Na biyu: binegir yana cire farin dattin da ruwa ke bari a bakin famfo da cikin butar lantarki, amma a surka shi, a ɗauraye sosai. In ya daɗe yana cin roba, yana cin ƙarfe. Tiyon da ya toshe kuwa, a kira mai gyara.

Na ukku: in wari ya shaƙe ki, ƴar'uwa, ki fita. Kada ki tsaya ɗaukar bokiti, kada ki ce bari in ƙarasa. Ki fita, ki nemi likita.

Basiratu ba sakarci ta yi ba. Tsabta take nema, kuma babu wanda ya taɓa faɗa mata. Ku yau an faɗa muku, ku kai wa waɗanda ba su zo ba.

Allah Ya jiƙanta, Ya raya marayunta, Ya tsare gidajenmu, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.