Kwamfutar da Ta Ƙone Tana Amsa Suna

Adaidaita na barin Gyaɗi-Gyaɗi, Hajiya Basira ta kashe waya, ta ja tsaki.

"Wai injiniya! Haɗa sabuwar kwamfutata da sabar ofis, uwar kwamfutocinmu, ya gagare shi."

"Me ya ce?" in ji wata nas a gefenta.

"Wai akwai wata kwamfuta mai irin sunanta a kunne. Sunan tsohuwar kwamfutata aka sa mata, ita kuwa ta ƙone ƙurmus!"

"Kin ga gawar?"

"Oga ne ya ɗauke ta, ya ce ta ƙone."

Nas ɗin ta taɓe baki. "Mu dai a asibiti, Hajiya, mai amsa sunansa ba ma rufa masa zane."

Nan take kwamfutar da ke kan teburin sabuwar sakatariyar Oga ta faɗo wa Basira a rai.