Birkin da Ya Nutse a Gangaren Buza

Salama gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu.

Ranar kasuwar Buza ce, da hantsi, a kaka ta biyu bayan na bar soja. A tsakar gida ni ne da matata Saratu. Tana tankaɗe, ni kuma ina tsugune a gaban tsohuwar motata, irin ƙaramar nan da ake kira kat-san-kat.

A soja ni direban manyan motoci ne, kuma mafaɗaci. Na taɓa karya wa mutum muƙamuƙi a kan layin ɗiban ruwa. Na karɓi Ubangiji, amma hannuna bai tuba da wuri ba.

Birkin gaba ya cinye, ƙarfe yana cin ƙarfe. A Madawa na sayo sabbin filaket, wato 'yan faifan da ke matse ƙafar mota idan an taka birki. Na ɗaga motar, na kwance ƙafafun, na zare tsofaffin, na tura fiston, abin da ke danna faifan, baya da ƙarfe, na zura sabbin, na ɗaure.

Saratu ta ce, "Maigida, ba ka kai ta wajen masu gyara su duba ba?"

Na ce, "Ni da na kwance motar soja a tsakiyar daji? Ki dai ji da garinki."

Ta ce, "To, soja. Allah shi kiyaye."

Ga abin da ban sani ba. Birkin manyan motocin da na saba da su daban yake. A wannan, idan an tura fiston baya, sai an tattaka birki motar tana tsaye har ya yi tauri, kafin a motsa. Ban yi ba. Na jefa kile, ƙarfen kwance ƙafa, a kan kujera, na tayar, na fita.

Gidanmu a kan tudu yake, hanyar kuma ta miƙe ne zuwa bakin kasuwa. Da motar ta ɗauki gudu na taka birki. Ƙafata ta nutse har ƙasa. Babu komai! Birkin hannu kuwa ya daɗe da mutuwa.

A gabana mata masu fura ne, zaune a jere da ƙorensu. Na ga wata tsohuwa ta ɗago kai tana kallona. Na murɗa sitiyari hagu da dukan ƙarfina. A hagun akwai raƙuma a durƙushe, an ɗaure mata gwiwa.

Na ji ƙarar ƙashi. Gilashi ya fashe a fuskata. Raƙumar ta yi wani kuka da har yau ban manta ba.

Kafin in gane inda nake, an fizgo ni waje. Sanda ta sauka a bayana, wata a haƙarƙarina. Dutse ya same ni a goshi, jini ya rufe mini ido ɗaya. Ina jin muryoyi: "Ya sha giya!" "Ku kashe shi!" Mai raƙumar, wani makiyayi dogo, yana dukana yana kuka, yana cewa, "Ita kaɗai ta rage min! Ita kaɗai!"

Na faɗi rubda ciki, hannuna na dama ya sauka a kan kilen, wanda ya faɗo tare da ni. Yatsuna suka kama shi da kansu. Makiyayin ya sunkuyo, rawaninsa ya warware, ga gefen kansa a fili. Na san wurin. An koya mini shi a soja. Bugu ɗaya ya isa.

'Yan'uwa, a nan na yi addu'a, bakina cike da ƙasa da jini. Na ce, "Ya Yesu, kai ne ka kawar da motar daga kan matan nan. Yanzu ka riƙe hannuna, don ni ba zan iya ba!"

Hannuna ya buɗe. Ba ni na buɗe shi ba, na shaida wannan a gabanku! Nan take wani ya sauke sanda a kan yatsun, na ji sun karye.

Sai ga mayafi ya rufe ni, ga nauyin mutum a bayana. Tsohuwar nan ce mai fura, Inna Hajo. Ta kwanta a kaina tana ihu: "Ku buge ni, 'yan banza! Ni ya kauce ma! Da idona na gani. In ba don wanga yaro ba, da yanzu gawata kuke wankewa. Kai mai raƙuma, ɗaga sandar in gani, in ba mace ta haihe ka ba!"

Sandunan suka tsaya a sama. Makiyayin ya yar da tasa, ya je ya rungume wuyan raƙumarsa.

Inna Hajo musulma ce, ba ta san ko sunana ba. Ita Ubangiji ya aiko. Da na ɗaga ƙarfen nan, da babu mayafin da zai rufe ni, da gawa biyu aka ɗauka a kasuwar. Na gode wa Allah! Kai da fushi ke ja kamar igiya, ka kira sunansa a daidai lokacin da hannunka ya ɗaga. Yana ji, kuma yana da sauri.

An yanka raƙumar kafin azahar. Na sayar da motar, muka saya wa makiyayin wata a kasuwar Tabotaki. A likitar Madawa, wato asibiti, aka ɗaura mini hannu, yatsu uku suka warke a sandare. Har yau hannun nan ba ya dunƙulewa.