Idanun da LaRae Ta Aika Cikin Haikali

Mai girma Bishop Thurgood, shugaban wannan taro kuma mai cire wa rabinmu haƙori a ranakun aiki, shugabar ƙungiyar mata, wadda ba a motsa kujera a zauren nan sai da saninta, sababbin surukaina, gidan Stoddard, da suka taso tun daga Logan, mahaifiyata Verla, ango Tanner da 'yata amarya Brinley, 'yan'uwa maza da mata, har da yaran da ke ƙarƙashin tebura: barkanmu da yamma.

Bari in fara amsa tambayar da nake gani a idanunku. Wandon nan ba nawa ba ne, na Bishop ne. Ɗazu aka ce samari su lulluɓe ragar ƙwallon kwandon da ke zauren nan da farin yadi, don amarya ba ta son hoton aurenta ya fito kamar ta ci gasa. Na ce yaran zamani ba su iya ɗauri ba, na hau tsani da kaina. Ni dai na sauko. Wandon ya tsaya a ƙugiya, yana can sama cikin adon. Don haka ina gode wa Bishop, ina gode wa matan da suka juya baya, ina kuma gode wa duk wanda ya kawo tukunya ko ya jera kujera.

Ni DeLoy Hunsaker ba mai dogon karatu ba ne. Makaranta ta gaji da ni, na gaji da ita, muka rabu lafiya na koma gonar dankali. Maganata uku ce, kuma duka a kan matar da ke zaune can cikin shuɗiyar riga take, matata LaRae.

Ta farko, kowa a nan ya sani, kowa kuma yana yi kamar bai sani ba: LaRae ta daina zuwa coci. Wata rana na sauka ɗakin ƙasa in duba alkamar da muke tarawa saboda ranar wahala, kamar yadda coci ta umarce mu, sai ga gwangwanin gahawa a bayan bokiti. Gahawa, da addininmu ya hana, a gidan da ko shayi bai taɓa kwana ba. Na hau da shi na ce, "LaRae, ɓerayen gidan nan sun lalace."

Ta ce, "Ba ɓeraye ba ne. Zauna."

Na zauna. Ta ce, "Na yi addu'a, na yi karatu, na yi kuka. Na daina yarda, DeLoy. Na gaji da tsayawa gaban yara ranar Lahadi ina koya musu abin da babu shi a zuciyata."

Mai ilimi da ya kawo aya. Ni abin da ya fito bakina shi ne, "To ai har abada aka ɗaura mana. In na isa can lahira ba kya nan, wa zai gaya mini inda na ajiye makullin mota?" Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ni kuma ina riƙe da gwangwani kamar an ba ni jinjiri.

Ta biyu, yaƙin da ya biyo baya. Matan unguwa, Allah ya saka musu, suka fara zuwa da dankali da cuku, irin wanda muke kaiwa gidan rasuwa. LaRae takan buɗe ƙofa ta ce, "Ku shigo, ni ce gawar." Ita ba ta ci ba. Ni na cinye, don kada 'yan'uwa su ji kunya. Na shiga yi mata azumi, ina bin ta daga kicin zuwa falo ina nishi don ta sani, har ta ce, "In don ni kake yi, je ka ci abinci, ladan bai kai ƙorafin ba." Mahaifiyata kuwa ta daina cin burodin LaRae. Ta ce mini, "Da 'yar gidan Pehrson ka aura, yarinya mai hankali."

Na ce, "Mama, ai ƙi na ta yi."

Ta ce, "Shi na faɗa."

Muna dariya yanzu, amma akwai watannin da ni da matata muke zama a tebur ɗaya, ina sa albarka ita tana kallon cokali, ba wanda ya san ko za mu kai bazara tare.

Ta uku ita ce ta yau. Kun san doka: ba mai shiga Haikali, inda muke ɗaurin aure, sai mai izinin coci, ko da kuwa ita ta haifi amarya. Brinley ta zo tana kuka ta ce a ɗaura a waje kawai. LaRae ta ce, "Tun kina tsalle a kan gadona kike zancen aure a Haikali. Ni na fita, ba ke ba." Ta zauna ta ɗinka rigar da hannunta, rigar da ba za ta ga an ɗaura aure a cikinta ba.

Ni kuma na yanke shawara irin ta maza, ban gaya wa kowa ba. Yau da safe a bakin ƙofar Haikali na gyara tsayuwa na ce, "Ba zan shiga ba. Inda kika tsaya nan na tsaya."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wato yarinyar ta waiwaya ba uwa ba uba, don kai ka ji kanka jarumi? Wuce ciki. Ba sirrinku nake nema ba. Ka dubo mini fuskarta in ta amsa. Ka duba ko hannunta na rawa. Ka duba kafaɗar hagu, ban yarda da ɗinkin ba. Ka kawo mini duka."

Na ce, "Ke kaɗai za ki zauna?"

Sai ga Mama ta dogaro sanda ta zauna kusa da LaRae a bencin da ke waje, ta ce gwiwarta ta ƙi matakala. Jama'a, ginin nan yana da na'urar hawa, kuma Mama ta fi kowa sanin inda take. Da na waiwaya, na hango su kafaɗa da kafaɗa suna faɗa a kan yawan gishirin burodi.

Na shiga a matsayin idanun matata. Brinley na durƙusawa, idanun nawa suka cika da ruwa. Na share, suka sake cika. Wanda ke gefena ya ba ni hankici, na jiƙa shi na mayar masa. Abin da na gani tun daga farko har ƙarshe shi ne safar surukina Ɗan'uwa Stoddard, fara ce, akwai huji a babban yatsa. Da muka fito LaRae ta tare ni ta ce, "Yaya?" Na ce, "Ya yi kyau." Ta ce, "DeLoy." Na ce, "Bari mu isa gida."

Tanner, ɗana, ba ni da wa'azin da zan yi maka. Wata rana matarka za ta ce ka zauna. Ka zauna.

Ubanmu na Sama ya albarkaci wannan aure, ya ba su haƙuri da juna a ranar da suka yarda da abu ɗaya da ranar da suka saɓa. Ya albarkaci waɗanda suka shiga, ya albarkaci waɗanda suka jira a benci. Ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya. Amin.

Roƙo ɗaya ya rage mini. Duk macen da ta kasance a ciki kuma idonta ya bushe, ta same ni a ƙofar kicin kafin a tashi, ta gaya mini fuska, da hannu, da kafaɗar hagu. Ana bi na bashinsu, hanyar gida doguwa ce, kuma LaRae ce za ta tuƙa.

Na gode muku.